Abin da Shekarar Kulle Ta Koya Mana a Wudil

Wanda bai san Wudil ranar Juma'a ba, da wuya ya gane nauyin abin da ya same mu a 2020. Tun daren Alhamis manyan motoci ke jeruwa a bakin kara suna jiran lodin shanu zuwa Kudu. Dillali da ɗan dako, mai fura da mai soya kifi a bakin gada, da yawansu cefanen mako guda a wannan yinin suke samunsa. Ana cikin haka, ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar korona ta shigo Kano. Ranar 16 Gwamna Ganduje ya sa dokar kulle, ranar 24 muka ɗauki azumi, ranar 27 Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar mako biyu. Aka hana cin kasuwa, aka dakatar da sallar Juma'a. Ɗaliban jami'ar kimiyya da fasaha kuwa tuni sun watse, masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki suka yi tagumi.

Ni ba wannan ce annobar da na fara gani ba. Na tashi na tarar da manya masu zanen agana a fuska, na kuma ga lokacin da ma'aikatan lafiya ke bin gari gari suna yi mana lamba, har aka wayi gari a 1980 aka ce cutar ta ƙare a duniya. Na ga sanƙarau na 1996, wanda ya zo tare da ƙyanda da amai da gudawa, ya kwashe yara ba adadi. Saboda haka da jikokina suka tambaye ni ko duniya ce za ta tashi, na ce musu a'a, wannan ma za ta wuce da yardar Allah, amma kafin ta wuce akwai aiki a gabanmu.

Samari da yawa sun nemi kwanciyar hankali ta hanyar musu. "Babu korona," in ji su, "cutar masu kuɗi ce da masu hawa jirgi." Ban yi musu dariya ba, don na san inda zancen ya samo tushe. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin da aka yi wa yara a annobar 1996 ba, kuma mai jin yunwa ba ya sauraron wanda ya ƙoshi. Sai dai musu bai hana komai ba. A ƙarshen Afrilu dattawa suka riƙa faɗuwa a birni, malamai da farfesoshi da 'yan kasuwa, masu haƙar kabari suka gaji. Ranar 2 ga Mayu Sarkin Rano, Tafida Abubakar Ila, ya rasu, Allah ya jiƙansa. Daga baya ministan lafiya ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a wancan tsakanin, kuma rabinsu ko fiye ana danganta mutuwarsu da cutar. Nakan tuna wa yaran nan cewa Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka a can, kuma babu wanda ya fi shi tawakkali a cikinmu.

Abin da na lura da shi shi ne, waɗanda suka fi samun natsuwa su ne waɗanda suka samar wa hannunsu abin yi. Akwai wani tela a layinmu da ɗinkin sallah ya tsaya masa cak, ga iyali, ga kuɗin haya. Kwana biyu yana zaune a ƙofar shago yana kallon titi. Rana ta uku ya zazzage buhun ƙyallayen da yake tarawa, ragowar atamfa da shadda, ya sayo roba, ya hau keke. Takunkumi ya riƙa ɗinkawa, ninki biyu, yaransa na zagayawa da su a faranti. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma tukunya ba ta kwana a kife ba, kuma fuskarsa ta saki. Masu lambu a bakin kogi, da suka ga kayan miya na neman ruɓewa, suka zuba a baro suka bi gida gida. Da aka sassauta dokar a ranakun Litinin da Alhamis, mata suka koyi lissafin cefanen kwana uku a fita ɗaya.

A gidana na kafa doka biyu. Buta da sabulu a bakin zaure, kowa ya shigo ya wanke hannu, babba ko yaro. Ta biyu kuwa, labarai sau biyu a rana a rediyo, safe da yamma, daga nan a rufe zancen. Na ga yadda saƙonnin WhatsApp ke hana mutum barci: yau a ce tafarnuwa ce magani, gobe a ce gawa ɗari aka binne a unguwa kaza. Mai hawan jini ba ya bukatar irin wannan.

Ban taɓa yin azumi irin na shekarar ba. Babu tafsiri a masallaci, babu asham a jam'i. Muka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, ina gaba, uwargida da surukai da jikoki suna baya. A nan na gano wata jikata ta fi yayyenta maza gyaran karatu, abin da shekara da shekaru ban sani ba, don kullum daga masallaci sai majalisa. Tun daga lokacin ita ke biya wa ƙannenta allo bayan asuba. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne ta'aziyya. Abokin da kuka yi makarantar allo tare ya rasu a birni, ga Kano ga Wudil, amma sai dai ka kira 'ya'yansa a waya ka ce Allah ya ba da haƙuri. Musafaha ma ta koma ɗora hannu a ƙirji. Ga tsoho wannan ba ƙaramin abu ba ne, amma mun yi, kuma zumunci bai yanke ba.

Ina da ra'ayi game da kullen, kuma ba zan ɓoye ba. An rufe mutane kafin a tanadi abin da za su ci, a ƙasar da mafi yawan jama'a sai sun fita suke samu. Tallafin da aka yi ta shela bai kai gidaje da yawa ba. Almajirai kuma, yara ƙanana, aka riƙa loda su a motoci ana mayarwa jihohinsu, wasu da cutar a jikinsu. Abin da ya rufa wa talaka asiri shi ne maƙwabcinsa. Kwanon kunu da ƙosai ya riƙa tsallaka katanga gab da magariba. Mai shago ya buɗe littafin bashi bai ɗaga murya ba. Wasu suka fitar da zakkar kono da wuri don ta isa inda ake bukata kafin sallah. Sallar ma ta zo ranar 24 ga Mayu babu hawa, Hajji kuma babu wanda ya tafi daga ƙasar nan a shekarar.

Da ruwa ya sauka, gona ta karɓi kowa. Har ɗalibai da ma'aikatan da suka dawo gida suka ɗauki fartanya, wasunsu ba su ajiye ba har yau. A farkon Yuli aka ɗage dokar, kara ta sake cika.

Gidajen da suka fi jin jiki a watannin nan, in ka duba, su ne waɗanda suka sayar da hatsinsu kakaf tun da kaka, suka dogara da awo. Wanda ya bar gero da dawa a rumbu, ko da miyar kuka ce ya ci, har ya miƙa wa na kusa. Don haka 'ya'yana manoma, in kaka ta yi kuma masu saye suka zo da kuɗi a hannu, ku yi wa Allah ku ware na gida tukuna, wanda zai kai ku wata kakar, kafin ku ɗaure buhu ɗaya zuwa kasuwa.