Kalmomi Uku A Bakin Fadama

Ni manomin albasa ne a Maruda, ƙasar Gwandu. Duk wanda ya taɓa noman rani ya san da asuba ake ban-ruwa, lokacin da jiki yana gona amma hankali yana can gida.

A ranin 2019 na ari injin ban-ruwa wurin maƙwabcina, gama nawa yana wurin gyara. Ran nan ɗana na fari ya kwana da zazzaɓi, ga kuɗin makarantar ƙannensa ban haɗa ba. Na isa fadama, na sa tiyo a rijiya, na ja igiya. Injin ya tashi lafiya. Bai yi rabin awa ba sai na ji ƙara irin wadda ban saba ji ba, ya yi hayaƙi, ya tsaya cik. Ashe ban duba baƙin mai ba, shi kuwa ya ƙare ƙaf. Kuɗin gyaran ya cinye mini buhu biyu na albasa da na yi niyyar kaiwa kasuwar Aliero. Kunyar da na ji gaban maƙwabcina ta fi kuɗin zafi.

Bakaniken da ya gyara, wani dattijo a Kalgo, bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Ɗana, ai ba rashin sani ya ƙone injin nan ba. Ka san aikin. Hannunka ne ya riga hankalinka." Sai ya koya mini abin da shi yake yi: kafin ya ja igiya, yakan ɗora hannu a kan kowane abu, ya kira sunansa da baki. Mai. Ruwa. Igiya. Wato ya zare sandar awo ya ga baƙin mai, ya cika cikin famfon da ruwa don kada robar ciki ta ƙone, sa'an nan ya ja.

Da farko na ji kamar wasan yara ne. Wa zai ga magidanci yana magana da ƙarfe? Amma daga baya na ji cewa ma'aikatan jirgin ƙasa a Japan haka suke yi: sukan nuna alamar hanya da yatsa, su faɗi abin da suka gani da ƙarfi. Dalilin kuwa a fili yake. Mutum ba ya iya cewa "mai" da bakinsa, hannunsa a kan murfi, alhali tunaninsa yana wurin kuɗin makaranta. Kalmar takan komo da shi inda yake tsaye, ko da na ɗan lokaci ne, ɗan lokacin nan kuwa shi ake bukata.

Uwargida ta yi mini dariya kwana biyu. Yanzu idan za ta ba yaro magani, ina jinta tana cewa, "Suna, awo, lokaci," tana riƙe da kwalba.