Wannan Ba Sumayyarmu Ba Ce

Masu iya magana sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. To amma ban taɓa jin sun faɗi yadda 'yan kallo za su yi ba, su da ba su ke kiɗan ba, ba su ke rawar ba, amma sun bar ayyukansu sun zo sun yi da'ira. Wannan ɗan rubutu nawa a kan 'yan kallon ne, domin na daɗe ina yi musu dariya kafin in gane cewa akwai abin da suka gani wanda ni ban gani ba.

A unguwarmu a Potiskum akwai wani shagon cajin waya. Mai shagon yana da janareta da talabijin, don haka duk lokacin da sabon kashi na shirin Labarina na Aminu Saira ya fito, yakan sauko da shi daga YouTube ya jona mana. Benci biyu ne kawai, saura sai a tsaye. Teloli, yaran tirela, 'yan makaranta, kowa da gwaninsa: wasu na Presido, wasu kuwa Baba Ɗan Audu kaɗai ke kawo su. Amma Sumayya ta kowa ce. A shekarar 2022 Nafisa Abdullahi, wadda ta fito a matsayin Sumayya tun farkon shirin a 2020, ta fice, aka ba Fati Washa gurbinta. Daren da muka fara ganin sabuwar fuskar, sai wurin ya yi tsit. Can wani tela ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya ce, "Wallahi wannan ba Sumayyarmu ba ce." Ya fita. Aka kaure da musu har mai shagon ya rage murya. Wani ya ce ai Fati Washa gwana ce, ba yau ta fara ba. Aka ce masa babu wanda ya ce ba ta iya ba, ba dai ita ba ce. Wani yaron mota ya ce da an kashe Sumayyar a labarin da ya fi masa, ya yi kukansa ya huta.

Ni dai dariya na yi ta yi, ina jin kaina ɗan jami'a. Na ce musu Sumayya fa ba mutum ba ce, suna ne a takarda, kuma mai labari shi ke da labarinsa. Wani abin da ya ƙara mini ƙarfin baki shi ne na taɓa ganin irin wannan ciwo a gidanmu, a jikin yayana.

Yayan nawa, tun ina firamare, ya sayo wasu faya-fayan DVD irin waɗanda ake cusa finafinai da yawa a guda ɗaya. A ciki akwai wani shirin Amurka mai suna Buffy the Vampire Slayer, wanda Joss Whedon ya ƙirƙira, aka nuna shi daga 1997 zuwa 2003, zango 7, kashi 144. Labarin wata 'yar makaranta ce, Buffy, wadda Sarah Michelle Gellar ta fito a matsayinta. Da rana tana fama da jarrabawa da faɗan uwa, da dare tana farautar wasu halittu masu shan jinin mutane. A nan zan ɗan tsaya, tunda mu ɗaliban harshe ne. Da ƙannenmu suka tambayi Yaya mene ne waɗannan halittu, sai ya ce mayu ne. Ni ma haka na riƙe, sai da muka yi darasin al'adun Hausawa na ga fassarar ba ta zauna ba. Maye mutum ne mai rai, yana cikin gari, yana zuwa kasuwa, kurwa yake kamawa ba jini yake sha ba, ana cewa yana da ƙanƙara a ciki, kuma idan an kama shi akan sa ya tsallake wanda ya kama. Wancan na Turawa kuwa matacce ne da ya tashi daga kabari, yana da fiƙoƙi, hasken rana na ƙone shi, ana kashe shi da tsinin itace a ƙirji. Idan ka ce fatalwa, ka samu mutuwar ka rasa jinin. Idan ka ce 'yan shan jini, Bahaushe zai ɗauka 'yan ƙungiyar asiri kake nufi. Har yau ban samu kalma ɗaya da ta ɗauke shi duka ba, shi ya sa nake cewa matattu masu shan jini, ko da yake ya yi tsawo.

Bayan shirin ya ƙare da shekara huɗu, wato a 2007, kamfanin Dark Horse ya fara fitar da ci gabansa a littafin zane, irin wanda ake zana mutane a jere a zuba maganarsu cikin 'yan da'irori. Aka kira shi zango na takwas, ya fito sau 40, ya ƙare a farkon 2011. Ba wani can ne ya yi karambani ba. Whedon da kansa ya rubuta farkonsa, ya kuma kula da sauran, Georges Jeanty ya yi mafi yawan zanen. Masoya shirin sun yi rububinsa da farko. Daga baya kawunansu suka rabu, wasu suna yabo, wasu suna cewa su a wurinsu labarin ya ƙare tun 2003.

Dalili kuwa shi ne, a talabijin kuɗi ne ke ja wa mai labari linzami. Dodo ɗaya ake iya yi, a ɗakin karatu na makaranta ake zama a yi shawara, don haka dole labarin ya jingina da hira da zumunci. A takarda kuwa kuɗin zana ɗaki da na zana rundunar yaƙi duk ɗaya ne. Sai ga Buffy a wani katafaren gidan sarauta a Sukotland tana jagorancin ɗaruruwan 'yan mata. Ƙanwarta Dawn ta zama ƙatuwa, ta fi gida tsawo. Can gaba Buffy har tashi sama take yi. Kusa da ƙarshe aka kashe Giles, malaminta da ya zame mata uba, kuma ta hannun Angel, tsohon masoyinta. Shi kansa Whedon, a wasiƙar da ya rufe zangon da ita, ya amsa cewa daɗin rashin iyakar kuɗi ya ɗebe shi, alhali abin da mutane ke so shi ne rayuwar yau da kullum ta waɗannan yara.

Yaya ya samu littafin a waya shekaru bayan fitowarsa. Ya yi kwana uku yana karantawa, rana ta huɗu ya goge shi. Na ce, "Yaya, ba mai labarin ne ya rubuta ba?" Ya ce, "Shi ne. Amma ba na jin muryarta." Wannan amsa ta ba ni dariya a lokacin, kamar yadda ta telan ta ba ni daga baya.

Abin da ya kashe mini dariyar ya faru ne a aji biyu. An ba mu aiki a darasin adabin baka: kowa ya samo tatsuniya daga bakin tsohuwa ya rubuta. Ni Hausa ba harshen da na buɗi baki da shi ba ne. A gidanmu Karai-Karai ake yi, Hausa kuwa a layi da kasuwa da makarantar allo na tsince ta, kamar dubban yaran Potiskum, Bolewa da Ngizim da Ngamo da sauransu. Da aka yi hutu sai na tafi wurin kakata, ta ba ni wani labari da ta saba ba mu muna yara, na wata halitta da ke bin dare tana lasar masu barci har su rame, da yarinyar da ta gano ta. Na ɗauka a waya, na zauna na mayar da shi Hausa.

A nan ne na yi abin da na yi. Halittar ba ta da suna a Hausa, sai na ce Dodo. Na ga tatsuniyar Hausa ba ta cika armashi ba Gizo, sai na shigo da shi ya ba yarinyar dabara, alhali a bakin Kaka ita kaɗai ta yi wayonta. Akwai waƙa da yarinyar ke yi sau uku, muna amsawa. Na gwada fassara ta, ta fito kamar sanarwa, sai na cire. Tunda takarda ba ta gajiya kamar yadda tsohuwa ke gajiya, na ƙara daji, na ƙara kogi, na ƙara sarki da dogarai. Na samu maki mai kyau, ba zan ɓoye ba.

Hutu na gaba na karanta wa Kaka, ina jiran yabo. Tana jin Hausa sarai, ta kasuwa ce dai. Ta saurara har ƙarshe tana ɓarar gyaɗa. Sannan ta ce da harshenmu, "Labarin yana da daɗi. Na wane ne?"

Na ce, "Naki ne mana, Kaka."

Ta ce, "Ina waƙar?"

Na yi ta bayani, cewa waƙar ba ta shiga Hausa, cewa malamai na da ƙa'ida. Duk hujjojin da na ba telan nan su na sake jerowa, sai dai yanzu ni ne mai shirin, ita ce 'yar kallo, kuma na san a raina ita ke da gaskiya. Abin da muke jira a labarin nan muna yara ba yadda za a kashe halittar ba ne, wannan mun sani tun daren farko. Muna jiran wurin da Kaka za ta ƙanƙance murya ta fara waƙar, mu matso jikinta mu amsa. Ni kuwa na riƙe ƙashin labarin na zubar da wannan.

Ba ina cewa kada a ci gaba da labari ba ne, ko kada a fassara. Labarina bai mutu ba don Sumayya ta sauya, telan ma bayan mako uku ya dawo bencinsa, yana kallo yana ƙorafi. Littafin Buffy ya ci gaba har zango na 12 a 2018, da masu sonsa. Abin da ke damuna ya fi wannan kusa da gida. 'Ya'yan yayyena da aka haifa a cikin gari ba sa jin Karai-Karai sai gaisuwa. Idan labarin nan zai kai gare su, ta Hausata zai bi, kuma ba su da wata Sumayya ta farko da za su gwada tawa da ita. Ba wanda zai miƙe a cikinsu ya kaɗe riga ya ce ba ita ba ce.

Na sake rubuta shi bara. Na kori Gizo, na rushe fadar sarki, na bar wa halittar sunanta na asali, waƙar kuma na bar ta da harshenmu ba fassara. Da na karanta wa yaran, suka yi ta tambaya me take cewa, sai na kunna musu muryar Kaka a waya. Ƙaramar cikinsu ta ce ita na farkon ya fi mata daɗi, mai Gizo. Amma da daddare na ji ta a tsakar gida tana rera amshin, tana karya kalmomin, Kaka na daga ɗaki tana gyara mata.