Tuffar Da Ta Ƙi Faɗowa

Wancan watan na yi muku alƙawarin labarin zuwana Japan, inda na je taya matar Yayana zaman jego, to ga shi Allah Ya nufa.

Daga Tokiyo jirgin ƙasa muka hau, awa uku da ɗoriya muna ta yin arewa, sannan muka sake wani zuwa Hirosaki a jihar Aomori, inda Yaya yake karatu. Farkon Nuwamba ne, sanyi kuwa 'yar uwa, na Jos wasan yara ne. Ko'ina na waiga gonakin tuffa ne, wato aful, sun yi jajur har gindin dutsen Iwaki. Ashe fiye da rabin tuffar Japan daga jihar nan take fitowa.

Ranar Asabar Yaya ya kai ni gonar wata tsohuwa, yana yi mana tafinta. Ta tsinko guda ta goge da gefen rigarta ta miƙo min. Ina gatsa na ji ƙaras! Ruwa ya cika min baki, zaƙi har kunne, tsakiyarta kamar an ɗiga zuma. Na ce "Yaya, dama abin da muke saye a Kano a kai dubiya sunansa ɗaya da wannan?" Ya yi dariya ya ce sunanta Fuji.

A garin Fujisaki da ke nan kusa aka haɗa irinta a 1939, daga wasu iri biyu na Amurka, amma sai a 1962 aka raɗa mata suna aka fitar da ita ga manoma. Shekara 23 ana jira! Kuma in kin shuka ƙwallonta ba za ta haifi irinta ba, sai an yi mata aure kamar mangwaro, an ɗaura reshenta a jikin wata bishiyar. Ni da na ɓoye ƙwallaye a jaka don in shuka a tsakar gidanmu sai jikina ya yi sanyi, don ita sai ta sha sanyin hunturu sosai kafin ta yi furen kirki.

Wahalarta kuwa sai ka ce rainon jariri. Bayan ta yi fure a watan Mayu, a rage 'ya'yan da hannu, a tsinke ganyen da ya kare musu rana, sannan a bi su ɗai-ɗai ana juyawa don kowane gefe ya yi ja.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne labarin Satumbar 1991, lokacin da wata guguwa ta kakkaɓe yawancin tuffar jihar ana dab da tsinka. Manoma suka wayi gari guminsu na shekara yana ƙasa. Sai wasunsu suka tattara 'yan waɗanda suka rage a reshe, suka sa musu suna "tuffar da ba ta faɗuwa", masu shirin jarrabawa suka yi ta rububin saye.

Mu dai ba mu camfa tuffa ba, sa'a ta Allah ce. Amma ke ƙanwata da sakamako bai yi kyau ba bana, har ana ce miki ki haƙura da makaranta, ki riƙe reshenki gam, ki sake zama. Ni ma sau biyu na zauna.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.