Cefanen Gidana Yana Hannun Mutanen Da Suka San Ni

Lokacin da kantin Shoprite na Ado Bayero Mall ya rufe a Kano cikin watan Janairun 2024, bayan kusan shekara goma yana ciniki, maganar ta cika gari. Na tausaya wa matasan da suka rasa aikinsu, domin kowane ɗaya a cikinsu akwai bakin da yake ciyarwa. Amma tukunyar gidana ba ta san an yi ba, saboda na daɗe da daina dogaro da manyan kantuna wajen cefane. Wasu abokaina na ɗauka tsumulmula ce ta sa, wasu kuma suna ganin riƙo ne da tsohon yayi. Gaskiyar magana ita ce hankalina ya fi kwanciya idan abincin iyalina yana fitowa daga hannun mutanen da na sani, su ma suka san ni.

A gidan ƙaramin ma'aikaci na tashi. Albashin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai taka kara ya karya ba, amma ban taɓa ganin mun kwana da yunwa ba. Da kaka ta yi, zai sayi dawa da gero da wake ya jibge a ɗakin ajiya, ya miƙa wa mahaifiyarmu mukulli. Ita kuma ta san lokacin shanya kuɓewa, ta san lokacin dakan kuka, ta san gidan da daddawarsu ta fi ƙamshi a duk unguwar. Sai da na yi nawa iyalin, na fara jin nauyin kuɗin cefane a wuyana, sannan na gane cewa abin da suke yi ilimi ne, kuma shi ne ya rufa mana asiri.

Kashin bayan wannan ilimi shi ne sanin lokaci. Babban kanti yana nuna maka kaya iri ɗaya tun daga farkon shekara har ƙarshenta, har ka manta cewa kowane abinci yana da ranarsa. Kasuwa ba ta bari ka manta. Daga Oktoba zuwa Disamba sabon hatsi yake kwararowa Dawanau, babbar kasuwar hatsin nan da ke kan hanyar Katsina, wadda 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari. A lokacin ne manomi yake buƙatar kuɗi, kaya suka yi yawa, farashi ya sauka. Idan aka shiga bazara aka doshi tsakiyar damina, rumbuna sun yi ƙasa, sai buhu ya fara tashi. Akwai shekarar da lissafin ba ya tafiya haka, farashi ya tsaya cak ko ma ya faɗi, amma ko a irin wannan shekarar wanda ya ajiye ya sayi kwanciyar hankali. Babban buhu yana ɗaukar kusan kwano 40, saboda haka da magidanci ya san kwano nawa gidansa ke ci a mako, ya san buhu nawa zai kai shi wata kakar.

Haka kayan miya suke. Cikin sanyi zuwa farkon zafi, tumatirin noman rani daga Kadawa da Kura da Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga yake shayar da gonaki, yakan cika kasuwar Yankaba har kwando ya yi arha. A lokacin muke saye da yawa. Uwargida ta yanka wani ta shanya ya zama kauɗa, wani a kai markaɗe a dafa shi har ruwan ya tsotse. Tattasai da attaruhu ma a shanya su. Wanda ya ga shekarar 2016, lokacin da ƙwaron nan Tuta absoluta ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna har miyar ja ta gagari gidaje da yawa, ba ya raina kauɗa. Albasa tana sauƙi da rani, ta yi tsada wajen ƙarshen shekara. Lemo daga Binuwai yana cika kasuwar 'Yan Lemo da sanyi, mangwaro ya karɓe shi da bazara. Yarana suna cin kowane abu a lokacinsa, lokacin da ya fi daɗi kuma ya fi arha.

Saye da yawa ba shi da amfani idan ba a iya ajiya ba, kuma wake ne ya fi wuyar sha'ani. Mu a gida muna zuba shi a jarkar da aka wanke ta bushe sarai, a cika ta taf, a toshe bakin yadda iska ba za ta shiga ba. Ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Akwai kuma buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, shi ma a kan wannan dabarar yake aiki. Abin da nake gudu shi ne waken da aka barbaɗa wa maganin ƙwari don ya daɗe a sito. Wannan matsalar ce ta sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Najeriya a 2015. Abin da aka hana baƙi ci saboda lafiyarsu, ban ga dalilin da zan zuba wa 'ya'yana a faranti ba. Shi ya sa nake sayen wake da sabuntarsa, a hannun wanda zai iya gaya mini garin da ya fito.

Kano ta sauƙaƙa wa mai wannan tsarin, domin kowace kasuwa da abin da ta shahara a kai. Sukari da taliya da sabulu da man girki, Singa ake zuwa a saya da kwali ko da jarka. Kanumfari da citta da masoro da kimba suna Kurmi, kasuwar da take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Nama kuwa sai kwata da sassafe, inda kake ganin abin da aka yanka da idonka. Da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, sai yawon kasuwa ya zama wani kashe kuɗin na daban. Mu da maƙwabta muka haɗa kai. Mutum ɗaya zai karɓi saƙon kowa, a ɗauki a-daidaita-sahu guda, a raba kuɗin mota, a dawo a raba kaya a zaure. Da azumi ya gabato ko salla, mu haɗa kuɗi mu yi watanda, a yanka sa a kasa kashi-kashi, kowa ya ɗauki nasa. Cefane ya sa na san maƙwabtan da a da gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Duk wannan lissafin riba ne, kuma yana da muhimmanci, musamman ga wanda ya ga tsakiyar 2024, lokacin da alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa suka nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Amma abin da ya ɗaure ni da kasuwa ya wuce arha. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun jama'a. Mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na sayen gishiri. A yi layi tun asuba a dawo hannu rabbana, a tura kuɗi ta waya su maƙale a hanya. Shinkafa ta ƙare mana a cikin kwanakin nan. Na je wurin dattijon da nake awo a wajensa na yi masa bayani, na ce zan jira har na samu tsabar kuɗi.

Ya dube ni ya ce, "Haba Malam, yara za su jira banki ne? Kwano nawa kake so?"

Na ce, "Baba, ban san ranar da zan kawo ba."

Ya ce, "Ni na san gidanku, na san mahaifinka. Ɗauki ka tafi, Allah ya hore."

Shi kansa a lokacin yana cikin matsi, domin masu kawo masa kaya daga ƙauye tsabar kuɗi suke nema. Bai sa na rubuta komai ba. Mai shagon layinmu ma ya buɗe littafin bashinsa ga duk wanda ya yarda da shi, mai nama ya ce a aiko yaro kawai. Ma'aikaciyar da ke zaune a bakin na'urar babban kanti, komai kirkinta, ba ta da ikon yin haka, domin kayan ba nata ba ne kuma ba ta san ka ba. A kwanakin nan na fahimci cewa shekarun da na yi ina gaisawa da waɗannan bayin Allah, ina tambayar iyalinsu, ina biyansu a kan lokaci, wata ajiya ce da ta yi mini rana sa'ad da ajiyar banki ta gagara.

Wannan amanar tana da haƙƙi a kaina. Bashin da na ci, ranar da kuɗi suka shigo hannuna shi na fara biya. Ina ciniki, domin ciniki halal ne, amma idan mai kaya ya ce albarka har sau biyu, na san na taɓa uwar kuɗinsa, sai in ƙara. Ba na matsa wa tsohuwar da ke sayar da zogale a bakin hanya a kan ɗan abin da ba zai rage ni da komai ba. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da daddawa a cikin unguwa muke saye, wajen matan da ke sana'a a cikin gidajensu. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kuma da wannan tuyar ƙuli-ƙulin take biyan kuɗin makarantarsu. Duk kwalbar man da muka saya a wurinta, na san inda kuɗin ya tafi, kuma bai bar unguwarmu ba.

Kasuwa tana da nata aibin, kuma ɓoye shi rashin adalci ne. Akwai mai kwanon da aka bubbuge gindinsa don ya rage awo. Akwai mai jera manyan tumatir a saman kwando, ruɓaɓɓu a ƙasa. Akwai algus a manja da garin yaji da zuma. Ga ƙura da rana, ga caɓi da damina, ga lokacin da take ci. Abin yana yi mini ciwo, domin mu al'umma ce da ke karanta sura guda a Alƙur'ani wadda ta yi kashedi a kan tauye mudu. Maganin da na samu shi ne in tafi da kwanona, in sa hannu har ƙasan buhu, kuma in tsaya a kan mutum ɗaya da na jarraba gaskiyarsa. Wanda ya cuce ni, nakan faɗa masa cikin mutunci, sannan in sauya wuri. Ban kuma yi rantsuwar daina shiga babban kanti ba. Madarar jarirai da abincin gwangwani, nakan saya inda zan duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a natse. Abin da na ƙi shi ne ya zama can ce kaɗai ƙofar da na sani.

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su da ƙarfin sayen buhu. Wanda sai ya fita ya samo sannan a ɗora tukunya, maganar tanadin kaka tana iya yi masa nisa. To ko shi, kasuwa da shagon unguwa ne suke karɓarsa yadda yake. Su ne ke auna masa gwangwani ɗaya na shinkafa, su ƙulla masa mai na ɗan abin da ke hannunsa, su kasa masa kayan miya, har su yi masa gyara. Kuma akwai hanyar da na ga ta taimaki masu ƙaramin ƙarfi: adashen da aka tsara kwasarsa ta faɗo a kan kaka, ko mutum huɗu su haɗu su sayi buhu ɗaya su raba kwano goma-goma. Bambancin farashin sari da na awon kullum, idan aka tara shi a shekara, kuɗi ne mai kauri.

Yanzu idan zan shiga kasuwa ranar Asabar, ina tafiya da babban ɗana, wani lokacin da ƙanwarsa. Ina so su iya bambanta sabon gero da tsoho, su san ƙamshin man gyaɗa na gaskiya, su iya taya kaya ba tare da sun wulaƙanta mai shi ba, su saba durƙusa wa dattawan da ke auna mana abinci. Takardar makaranta za ta ba su aiki in Allah ya so, amma wannan ilimin ne zai sa albashin ya kai ƙarshen wata.

Ga magidanci ko uwargidan da ke son gwadawa, shawarata ita ce kada a ɗauki abin gaba ɗaya. A zaɓi abu guda da gidan ya fi ci, masara ce ko wake ko shinkafa, a saye shi da kakar bana, a koyi ajiye shi. A nemi mai kaya ɗaya mai gaskiya a riƙe shi, a san sunansa, a biya shi haƙƙinsa a kan kari. Tsadar rayuwa ba ta hannunmu, amma wanda za mu ba kuɗinmu da lokacin da za mu saya, wannan zaɓinmu ne, kuma ya kamata mu yi shi da ilimi.