Diflomar lantarki: me za ta ƙara maka a kan koyon gyara a shago?

 Yau ba saitin waya za mu yi ba. Wata tambaya ce da matasa ke yawan yi mini: "Malam, in tafi foliteknik in yi difloma a fannin lantarki, ko in zauna a Farm Centre in koyi gyaran waya kawai?" Tunda na bi ta ajin kuma na zauna a shagon, bari in faɗa maka abin da na gani.

Ɗauki wayar da ta daina caji. Wanda ya koyi gyara da ido kawai zai canza bakin caji. In ta ƙi, ya canza batir. In ta sake ƙi, sai ya miƙo maka ita ya ce injin ya mutu. Kuɗinka sun tafi, hotunanka da lambobinka ma sun bi su.

Wanda ya fahimci lantarki kuwa mita zai fara ɗauka. Caja ta yau da kullum bolt 5 take bayarwa, to sun iso bakin cajin? In sun iso, sun ƙarasa IC ɗin caji? Batirin waya yana zama ne a wajen bolt 3.7, in ya cika ya kai 4.2 ko ya ɗan haura, to nawa mita ta nuna? A haka zai bi layi har ya iske inda wutar ta ɓata. Sau da yawa wani kafasito ne da bai kai ƙwayar gero ba ya yi shot. A cire shi, waya ta tashi.

Ta yaya ya san nan zai duba? Dokar Ohm ce, wadda ake koyarwa tun zangon farko: in turjiyar layi ta faɗi kusan sifili, wutar da ke bi ta wurin sai ta yi yawa, wurin ya ɗau zafi. A allo kamar lissafin banza. Ranar da ka taɓa injin waya ka ji zafin a yatsanka, ranar za ka san amfaninsa. Wallahi ni abin da difloma ta ba ni ke nan: na daina cankar matsala, na koma auna ta.

To yaya tsarin yake? A Najeriya karatun ND shekara 2 ne, ƙarƙashin kulawar hukumar NBTE mai hedikwata a Kaduna. Za ka rubuta JAMB, kuma kana buƙatar kiredit a darussan da suka haɗa da lissafi da fiziks, yawanci har da Turanci da kimistiri. Akwai kwas ɗin a makarantu irin su Kaduna Polytechnic da Kano State Polytechnic, amma ko'ina za ka nema, ka fara tabbatar da cewa NBTE ta tantance kwas ɗin a can. Za ka sha lissafi, da zanen injiniya, da aikin wayarin, da darasin dayod da tiransisto, da yadda ake karanta taswirar na'ura. A tsakani akwai SIWES na wata 4, a ƙarshe kuma ka haɗa furojet da hannunka. In kana son ci gaba, sai ka yi shekara 1 ta sanin makamar aiki, ka koma HND na wasu shekara 2.

Amma fa ka ji gaskiya. Takardar ita kaɗai ba ta gyara ko rediyo. A ajinmu sai mu taru mu fi goma a kan na'urar gwaji ɗaya, wani har a tashi bai taɓa ta ba. Na ga wanda ya fita da sakamako mai kyau amma hannunsa na rawa in ya riƙe dalma. Yaron shago kuwa da ko sakandare bai gama ba, sai ya cire IC cikin minti biyu bai ƙona komai ba. Shi yana da hannu, kai kana da dalili. Mai cin kasuwa shi ne wanda ya haɗa biyun.

Shi ya sa shawarata ita ce kada ka zaɓi ɗaya. Ka yi karatun, Asabar da Lahadi da lokacin hutu kuma ka liƙe wa wani ubangida a shago, ko da shara da aike za ka fara. Ka sayi mitarka tun shekarar farko. Duk matacciyar caja ko tocila da ke gidanku, buɗe ta ka auna. Lokacin SIWES kada ka nemi ofishin da za a sa maka hannu kana gida, nemi inda za ka yi gumi.

Kuma kada ka ɗauka iyakar abin waya ce. Wanda ya gane yadda batir mai bolt 12 ke komawa wutar gida mai bolt 230 a cikin inbata, sola ma aikinsa ce, haka talabijin, kyamarar tsaro da kayan asibiti. Wayoyi za su yi ta canza kama duk shekara, dokar lantarki kuwa tana nan yadda take.

Za ka ji masu cewa ai difloma ba digiri ba ce. Haka ne, kuma a aikin gwamnati bambancin yana nan, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai mai wayar da ta mutu da lambobin kwastomominsa a ciki bai taɓa tambayata takarda ba.

Ke ma 'yar uwa da ke karantawa, da ke nake. Mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu da hotunansu ga namiji a kasuwa, ga shi masu gyara mata sun yi ƙaranci. Wannan gurbi ne da ke jiran mai cike shi.

Sai mun haɗu a darasi na gaba, inda za mu ga yadda ake auna caja da mita.