"Da Sauƙi" Gaisuwa Ce, Ba Bayani Ba

A Bici, ko mutum ya kwana bai runtsa ba, in ka ce masa "ya jiki?" zai amsa "da sauƙi." Tarbiyya ce mai kyau, amma ba ta wadatar da likita, domin babu na'urar da ke auna zafin ciwo yadda ake auna zazzaɓi. Sai abin da majiyyaci ya faɗa.

Lokacin da kakata ke fama da ciwon daji, ni nake raka ta asibiti a Kano. Wata nas ta tambaye ta, "Iya, zogi ne, ko suka, ko ƙuna?" Ta ce, "'Yar nan, kamar an zuba mini garwashi a ƙafa." Wannan kwatance ya taimaka aka gane jijiya ce ta taɓu, aka ƙara mata wani magani, ta fara samun barci.

Saboda irin haka ne Ronald Melzack na Jami'ar McGill a Kanada ya fitar da jerin kalmomin ciwo 78 a 1975. Mu ma muna da namu: sara, murɗa, raɗaɗi.

In ka raka babba asibiti, isar da kalmarsa yadda ya faɗe ta. Kada ka dunƙule ta ka ce "ciwo."