Zangon Neels Gap, inda matafiya ke rage kaya

A arewacin jahar Jojiya ta ƙasar Amurka, cikin tsaunukan Apalashiya masu duhun itatuwa, akwai wani gida na dutse a bakin kwalta, wurin da ake ce ma Neels Gap. Samarin da gwamnatin ƙasar ta ɗauka aiki a zamanin karayar tattalin arziki su ne suka gina shi, aka gama a 1937. Yau kanti ne na kayan tafiya, haɗe da ɗan masaukin baƙi. Abin da ke fara jan idon mai zuwa shi ne wata babbar itaciya da ke farfajiyar gidan, wadda rassanta ke cike da takalma a rataye, wasu na waɗanda suka sake takalmi ne suka ci gaba, wasu kuwa na waɗanda suka sallama suka koma gida. Sannan ga wata siririyar hanyar ƙafa da ta gangaro daga tsauni, ta tsallake kwalta, ta ratsa ƙarƙashin rufin gidan kamar mai wucewa ta zaure, ta ɓulla ta baya ta yi arewa.

Wannan ita ce Hanyar Apalashiya, wadda wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ya kawo shawararta a 1921. Ta tashi daga tsaunin Springer a Jojiya, ta ratsa jahohi 14, ta tuƙe a tsaunin Katahdin na jahar Maine, tsawonta ya zarce kilomita 3500. In mai karatu na son kwatanci, wajen sau huɗu ke nan na tafiyar Yamai zuwa Damagaram, amma duka a ƙafa, da hawa da gangara, ba raƙumi ba jaki, ba ɗan dako. Kowace shekara, daga watan Maris zuwa Afrilu, dubban mutane ke ɗaure jaka a baya da niyyar su gama ta a tafiya guda, cikin wata biyar zuwa bakwai. Wajen mutum ɗaya cikin huɗu ne ke kaiwa ƙarshe. Sauran, ciwon gwiwa ko na ƙafa, ƙarewar kuɗi, ko mutuwar zuciya ke maido su, kuma a yawancin waɗannan dalilai akwai hannun kayan da suka ɗauko.

Neels Gap na da nisan kilomita 50 ne kacal daga Springer, tafiyar kwana uku ko huɗu, kuma kafin a iso shi sai an haye Blood Mountain, tsauni mafi tsawo da hanyar ta taka a Jojiya, mai mita 1359. A nan ne kafaɗa ke gaya ma mai ita gaskiya. Ma'aikatan kantin, waɗanda galibinsu sun taɓa yin tafiyar, suna da wata al'ada: matafiyi ya zazzage jakarshi kaf a ƙasa, su bi kayan ɗaya bayan ɗaya suna tambaya tai yaushe rabonshi da amfani da kowane. Nan za a ga gatari, da tukunya biyu, da wando uku, da littattafai, da ƙatuwar wuƙa, da sabulu mai isar iyali. Abin da aka tace sai a ɗaure shi a kwali a aika gida ta gidan waya, kuma kayan da ke barin wurin a shekara da tan ake auna su. Masu hanyar na da magana cewa mutum tsoronshi yake cusawa cikin jaka: mai tsoron yunwa ya loda abinci, mai tsoron sanyi ya loda tufafi, mai tsoron duhu ya ɗauko tocila uku.

Ɗan kasuwa ya fi kowa fahimtar lissafin. An ƙiyasta tafiyar a kan taku wajen miliyan biyar, don haka kilo guda na banza ba sau ɗaya ake biyan kuɗin dakonshi ba, ana biya ne a kowane taku, kuma gwiwa ce ke biya. Shi ya sa gwanayen hanyar ke fara shiri da sikelin kicin da takarda, su auna kowane abu da giram su rubuta. Suna ware abinci da ruwa da man girki, tun da su kullum raguwa suke, su kira sauran "nauyin tushe". Wanda nauyin tushenshi bai kai kilo 9 ba ana lissafa shi cikin masu sauƙin kaya, wanda ya sauko ƙasa da kilo 4 da rabi kuwa ya shiga sahun ƙwararru. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce, jaka da duk abin da ke cikinta kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ɗauka. Mai kilo 70 ke nan, iyakarshi kilo 14.

Abubuwa uku ne ke cinye mafi yawan nauyin: makwanci, da abin rufa, da ita kanta jakar. Sabon shiga yakan fara sayen jaka, ya zaɓi ƙatuwa, sannan ya ga fili ya cika shi. Gwani jaka ce ƙarshen sayayyarshi. Sai ya tara kayan ya ga girmansu, sannan ya nemi mai cin lita 50 zuwa 60, wadda nauyinta bai fi kilo guda ba. Amma jaka marar ƙarfe a baya, duk da rashin nauyinta, azaba ce ga wanda kayanshi ke da yawa, don kuwa ba ta sauke nauyin a ƙugu, a kafaɗa take barin shi.

Wajen makwanci, hanyar na da rumfuna sama da 250, masu bango uku da rufi, sai dai a farkon lokacin tafiya sukan cika tun la'asar, don haka tanti ya zama dole. Tantin da ya fi sauƙi shi ne wanda ba ya da turaku nashi na kanshi, ana kafa shi da sandunan nan biyu da matafiyi ke dogarawa da rana. Ƙa'idar ke nan a ko'ina: abu guda, aiki biyu. Tukunya ita ce kwano ita ce kofi, tufafin da aka cusa a ƙaramin buhu su ne matashin kai. Abin rufa kuma bargo ne da aka ɗinka kamar buhu, mutum ya shige ciki. Mai gashin agwagwa ya fi ɗumi, ya fi sauƙi, ya fi matsuwa cikin jaka, amma in ya jiƙe ya tashi aiki, ga shi kuwa Apalashiya ƙasa ce ta ruwan sama da hazo. Mai zaren roba ya fi nauyi, ya fi araha, ya fi jure laima. Duk wanda aka zaɓa, dabarar da ta fi amfani ita ce mafi araha: a shimfiɗa babbar leda mai kauri cikin jaka, a sa bargo da tufafin barci a ciki a murɗe baki.

Nan ne kasuwa ke ɗana tarkonta. Akwai wani yadi mai suna Dyneema, wanda aka fara ɗinka filafilan jiragen ruwa na tsere da irinshi. Tantin da aka yi da shi bai fi rabin kilo ba, amma kuɗinshi na kaiwa dalar Amurka 600 ko fiye, wato sama da jika 300 na sefa. Tantin nailan mai kama da shi ya fi shi da ƴan ɗaruruwan giram, a kan ƙasa da rabin kuɗin. Wato giram na ƙarshe ana sayen shi kusan dala guda, alhali kilo biyu ko uku na farko kyauta ake rage su, ta hanyar barin abin da ba a bukata a gida. Wanda ya zuba dukiyarshi a tanti har ya rasa kuɗin abinci a wata na huɗu, ya sayi sauƙin kaya ya sayar da tafiyar.

Tufafi ba su wuce na tafiya ɗaya da na barci ɗaya ba, da rigar ruwa, da rigar ɗumi, da safa ƙafa biyu ko uku. Auduga, wadda ita ce rahama a zafin ƙasarmu, abar gudu ce a can, don tana shan gumi da ruwa ta ƙi bushewa, ta zuƙe ɗumin jiki. Ulu da zaren roba ake sawa. Manyan takalman fata irin na soja ma an yi ta barin su, yawancin matafiya sun koma ga takalmin gudu mai saurin bushewa, wanda ke mutuwa bayan kilomita 700 ko 800, a sake wani. Akan sayi mai ɗan yalwa, saboda ƙafa na buɗewa a doguwar tafiya.

Abinci da ruwa su ne nauyin da ke dawowa kullum. Lita guda kilo guda ce, don haka wanda ya san inda maɓulɓula ta gaba take, lita ɗaya ko biyu ta ishe shi, tare da ƴar matata da ba ta kai giram 100 ba, mai tace ƙwayoyin cutar gudawa. Abinci wajen kilo guda ne a rana, kuma tun da ana samun gari ko kanti duk bayan kwana uku zuwa biyar, ɗaukar guzurin kwana goma wahalar da kai ce, in ba a dajin ƙarshe na Maine ba, mai tsawon kilomita 160. Ana zaɓen busasshe mai maiƙo: markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da taliya, da cuku, da busasshen nama mai kama da kilishi.

Wannan ilimi ya girmi kantunan zamani. A 1955, wata tsohuwa ƴar jahar Ohayo mai suna Emma Gatewood, mai shekara 67, uwar ƴaƴa 11, ta gama hanyar ita kaɗai cikin kwana 146, da takalmin kambas, da ƙunshin da ta ɗinka da hannunta ta saɓa a kafaɗa, ciki da bargon soja da labulen leda na wurin wanka don kare ruwa. Masu sauƙin kaya na kafa hujja da ita har yau, sai dai sukan manta abu biyu. Na farko, ta gwada a 1954 daga Maine, ta ɓata cikin daji, ta koma gida. Na biyu, macen gona ce, ta san ganyen da ake ci da yadda ake kwana a kan tarin ganye, ba ta kuma jin nauyin ƙwanƙwasa ƙofa ta nemi masauki. Abin da ba ta ɗauka a kafaɗa ba, ta ɗauke shi a ka. Daga baya, a 1992, Ray Jardine ya fitar da littafinshi kan wata doguwar hanya ta yammacin Amurka, ya mayar da rage kaya fanni mai ƙa'idoji, kamfanoni suka bi sahu.

Saboda haka ragi na da iyaka, kuma iyakar ita ce sanyi. A watan Maris dusar ƙanƙara na zuba a tsaunukan kudu, inda hanyar ke hawa har mita 2025 a tsaunin Kuwohi. Wanda ya ji ɗumin rana ɗaya ya yi gaggawar aika kayan sanyinshi gida na iya kwana a jiƙe cikin iska, jiki ya huce har hankali ya gushe, abin da ke kisa ko ba ƙanƙara. Al'adar gwanaye ita ce a riƙe kayan sanyi har a wuce tsaunin Rogers a jahar Bajiniya, wajen kilomita 800 daga farawa, sannan a sa a aiko da su kuma kafin shiga Fararen Tsaunuka na New Hampshire, inda aka taɓa auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a kan tsaunin Washington, a 1934. Lokaci ma na kora, don hawa Katahdin na zama da wuya daga tsakiyar Oktoba. Mai kaya da yawa ba ya sauri, sanyi ya cim mashi a arewa. Mai ragi fiye da saninshi kuwa sanyi ya kama shi tun a kudu.

Tambaya uku ce ke raba gardama a kan kowane abu kafin ya shiga jaka: ana amfani da shi kullum? Akwai wani da ke iya yin aikinshi? In aka rasa shi, rashin jin daɗi ne ko hallaka? Rigar ruwa, da busassun tufafin barci, da ƴan magunguna, da taswira ko salula mai taswira a ciki, suna tsira a tambaya ta uku ko da an yi mako ba a taɓa su ba. Gatari da wando na uku ba sa tsira a ko ɗaya. Kuma amsar ba a kanti ake samun ta ba, sai an ɗauki jakar an kwana biyu a daji kusa da gida, cikin ruwa in da hali, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai.

Daga Neels Gap, wanda ya rage kaya ya ɗaure jakarshi yakan wuce ta ƙarƙashin rufin dutsen nan, ya bi fararen alamomin fenti da ke jikin itatuwa, da sauran tafiyar kilomita 3450 da ɗoriya a gabanshi. Allah ya kai matafiyi lafiya, ya maido shi lafiya.